Tsakanin BUK da ABU, yadda na zaɓi hannun titin da zan tsaya

Ni ɗan Kura ne, kuma duk wanda ya san Kura ya san a kan titin Kano zuwa Zariya muke, in ka fito bakin titi ka tsaya a wannan hannun motar Kano ce zata ɗauke ka, in ka tsallaka ɗaya hannun sai Zariya. Tun ina yaro nake tsallaka titin nan ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba sai a 2017 da ya zama dole in zaɓi hannun da zan tsaya. Kwanakin baya ƙanin wani abokina ya kira ni yace Yaya don Allah BUK zan cike ko ABU, injiniyanci nake so. Na buɗe baki zan bashi amsa a gurguje sai naga maganar ba zata taƙaitu ba, shine nace bari in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance ko Allah zai sa wani ya amfana.

Mahaifina manomi ne, da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa wani lokacin alkama, kamar dai yawancin mutanen yankinmu tun daga Kadawa har Garun Malam da Bunkure. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake tahowa, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ya biyo babban kanal ya rarrabu ƙanana ƙanana har ya iso bakin gonaki, mu kuma mu sa lanƙwasassun bututun nan mu janyo shi cikin fangali. Toh tamu gonar Allah ya ajiye ta can ƙarshen layi, sai kowa ya sha ya ƙoshi sannan ragowar ta iso mana. Akwai shekarun da cikin dare Baba zai tashe ni, ƙarfe biyu ko uku, ga sanyin hunturu har cikin ƙashi, mu ɗau tocila mu tafi don a lokacin ne na gabanmu suka kwanta ruwa yake samun hanyar wucewa. Ba na manta wani dare muna tsugune bakin ƙaramin kanal, ruwan yana tahowa siriri kamar ba zai ƙaraso ba, nace Baba wai duk ruwan nan da muke gani a babban kanal yana gudu kamar zai tafi da mutum, ina yake zuwa kafin ya iso nan? Yace mutane ne suke sha, ƙasa ma tana sha. Iyakar abin da yace kenan ya ci gaba da gyara bakin fangali da fartanya. Amma ni maganar ta zauna min, don so nake in san nawa mutane suka sha, nawa ƙasa ta sha.

Ni da ƙanina mai bi min muna da wani wasa a lokacin, kowa ya karyo guntun kara mu jefa a kanal mu bi su da gudu muga na wa zai riga isa kwalbati. Sannan a Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, IAR, wadda take ƙarƙashin ABU, lokaci lokaci mukan ga mutanensu da littafi a hannu suna ta aune-aune an kakkafa alluna a gona. Ko irin shuka zaka ji ana cewa SAMMAZ, SAMPEA, SAMNUT, wannan SAM ɗin Samaru ake nufi. Don haka tun kafin in san mene ne jami'a na san akwai wani wuri wai shi Samaru da mutum yake zuwa ya koyo aune-aunen nan.

Ina aji biyar na sakandare a 2016 tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta faɗa wa tumatir, cikin 'yan kwanaki gona ta bushe kamar an bi ta da wuta, ka fesa magani yau gobe ka dawo kamar ruwa ka watsa. Kwanar Gafan da aka saba ganin kwanduna jibge da manyan motoci suna lodi zuwa Legas ta zama fayau. Baba kuwa bashi ya ci na taki da magani. A daidai wannan tsakanin kuma idonsa ya fara, yanar ido ce ta rufe ɗaya tana neman ɗayan, ya zama in rana ta faɗi sai an kama masa hanya. Ni ne ɗan fari. Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san abin da hakan yake nufi ba sai na tsaya bayani ba.

Shi yasa da aka fara sayar da fom ɗin JAMB a 2017 ban ma yi dogon tunani ba, BUK na cike, Sibil, wato injiniyancin gine-gine da tituna. Dalilai a fili suke. Kawuna ƙanin Umma yana zaune a Rijiyar Zaki, dab da sabuwar jami'ar da ke titin Gwarzo inda tsangayar injiniyanci take, kuma da bakinsa yace min ɗaki ga shi tuwo ga shi, kai dai ka ci jarrabawa. Ranar Juma'a in na tashi daga lakca kafin magariba ina Kura, in kama wa Baba aiki Asabar da Lahadi in koma. Sibil kuma kowa ka tambaya cewa zai yi ba ya kwantai, muddin ana gini ana titi ana gada to injiniyan Sibil zai ci abinci. BUK ɗin ma ai daga jikin ABU ta fito, da farko kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashin Zariya kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977, ba wanda zai ce maka ƙaramar makaranta ce. Na rubuta Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, sakamako ya fito na samu 241, muka yi wa Allah godiya, a wajena magana ta ƙare.

Malaminmu na Fiziks ne ya tado ta. Na kai masa takardar sakamakon ya duba ya yi murna, sai yace kai da kullum kake damuna da tambayar ruwa, ka san a Zariya akwai sashe guda sukutum da ba abin da ake yi sai ruwa? Injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli, madatsa, kanal, ruwan sha, ruwan datti, ambaliya, duk a ciki. Wallahi ban sani ba, ni a sanina injiniya ko na gini ne ko na lantarki ko na inji. Yace kuma har yanzu kana da dama, JAMB tana bari a canja makaranta da kwas bayan sakamako ya fito, amma ka sani manyan jami'o'i irin waɗannan wanda ya sa su a zaɓin farko suke dubawa, ba zaka riƙe biyun ba, in ka ɗauki ɗaya ka saki ɗaya kenan. Na fito daga ofishinsa da takarda a hannu kaina ya ɗau zafi, abin da na ɗauka na gama da shi ya dawo sabo fil.

Kusan sati uku na yi a haka. Da maganar ta fita majalisarmu kuwa sai ta koma kamar musun ƙwallo, wannan yace ABU uwa ce, tun 1962, ta Sardauna, duk inda ka shiga a ƙasar nan sai ka tarar da ɗanta a kan kujera, wancan yace ai yanzu BUK ce ke tashe ka je ka ga gine-gine, wani yace Zariya wahala wani yace Kano hayaniya. Yawancin masu musun nan ba wanda ya taɓa zama a aji a ɗaya daga ciki, kuma abin da ya fi damuna duk cikinsu ba wanda ya tambaye ni wane aiki nake so in yi in na gama. Ni kaina sai da ruɗanin ya kama ni, yau in kwana da sunan ABU yana min daɗi a baki gobe in tashi ina jin kunyar kaina, ace mahaifinka ba ya gani sosai kai kuma kana lissafin tafiya wata jiha saboda suna.

Akwai wani dattijo a garinmu da ya yi aiki a harkar ban ruwan nan tun farko farkonta har ya yi ritaya, injiniya muke ce masa gaba ɗaya, shi Malam ya tura ni wajensa. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida kan tabarma da rediyonsa, na durƙusa na gaishe shi na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na kai aya sannan yace yaro, ba jami'a ake karantawa ba, sashe ake karantawa, shekara biyar ɗinka a gini ɗaya ko biyu zaka yi su da malamai 'yan ƙalilan, don haka sashen zaka bincika. Na farko ka tabbatar hukumar jami'o'i NUC ta amince da kwas ɗin, COREN ma ta amince, don COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasar nan kuma in kwas bai samu amincewarta ba zaka sha wuya ranar da kake neman rajista, kuma amincewar nan kwas kwas ake bayarwa ba a dunƙule ba, ana kuma sabunta ta, kar ka dogara da labarin shekarun baya. Na biyu ka je da ƙafarka ka ga ɗakin gwaje-gwajensu, ka samu ɗan aji huɗu ko biyar ka tambaye shi ko yana taɓa kayan da hannunsa. Na uku ka nemi jerin darussan shekara biyar ɗin ka karanta, in ka ga kanka a ciki toh. Sai kuma ya faɗa min wata gaskiya da ban so ji ba, yace Sibil ta fi faɗi, mai Sibil zai iya shiga aikin ruwa daga baya, amma mai ruwa in ya nemi aikin gini wani wurin sai ya yi ta bayanin kansa, kuma ko a BUK akwai sashen injiniyancin aikin gona da suke taɓa ban ruwa, kar ka ɗauka hanya ɗaya ce tak. Yace ni ba zan zaɓar maka ba.

Na je duka biyun. BUK da Kawu muka shiga a kan babur ɗinsa, wuri ne mai faɗi da tsari, muka samu wani ɗan unguwarsu da ke aji huɗu a Sibil ya zagaya da ni, ya nuna min inda suke matse dunƙulen kankare da inji har ya fashe don a san ƙarfinsa, ya nuna min zanen wani bene da yake yi, kuma a gaskiya ya burge ni, yaron ya san abin da yake yi. Na fito ina cewa a raina in nan Allah ya ajiye ni ban yi asara ba.

Zariya kuma ni kaɗai na tafi, da kuɗin da na tara na ƙwadago a gonar mutane, ban ma faɗa a gida cewa can zani ba sai ƙanina kawai. Na sauka Kwangila na hau motar Samaru, ban taɓa zuwa ba, na shiga babbar ƙofa na hango dogon ginin majalisar jami'a da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, duk sai na raina kaina da silifas ɗina. Da tambaya na kai sashen. Allah ya haɗa ni da wani ɗalibi mutumin kirki ya roƙi mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya bar ni na leƙa. A ciki akwai wani dogon abu kamar kanal amma gefensa gilashi ne, ana kunna famfo ruwa ya bi ta ciki kana ganinsa tun daga sama har ƙasa. Ya sauke wata 'yar ƙofa a tsakiya sai ruwan ya fito ta ƙarƙashinta siriri da gudu, can gaba kaɗan kawai sai ya yi tsalle ya kumbura ya koma tafiya a hankali. Na san abin nan! Shi nake gani kullum a bayan ƙofar ƙarfen kanal ɗinmu, inda Baba yake hana mu wanka. Ɗalibin yace ai yana da lissafi, in ka ba ni zurfin ruwan da gudunsa kafin tsallen zan faɗa maka zurfinsa bayan tsallen ba tare da na auna ba. Na tsaya ina kallon ruwan nan ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba har sai da mutumin yace zai rufe.

A mota ina dawowa na san abin da zuciyata take so, sai dai sanin bai sauƙaƙa komai ba, ƙara nauyi ma ya yi. Na samu takarda na rubuta kuɗin da Zariya zata ci wanda Kano ba zata ci ba, wurin kwana, abinci sau uku ko sau biyu, kuɗin mota, ga kuma wanda ba ya rubutuwa da lamba, hannuna da za a rasa a gona. Duk ta inda na juya lissafin Kano ce take cinyewa. Na yi istihara kwana da kwanaki, ban yi wani mafarki ba, abin da dai na lura duk sanda na ce a raina shikenan na haƙura da Zariya sai in ji ƙirjina ya cushe.

Ashe ƙanina ya faɗa wa Baba. Wani dare bayan isha'i ya aika a kira ni zaure, yana zaune fitila a gefensa duk da ba wani amfani take masa ba. Yace an ce ka je Zariya. Nace eh Baba, ku yi haƙuri ban sanar da ku ba. Yace me ka gani? Na fara faɗa masa a ɗarare, da na zo kan kanal ɗin gilashi kuwa sai bakina ya buɗe na yi ta zuba, shi dai yana saurare. Da na gama nace amma na riga na yanke shawara Kano zan zauna, saboda gida. Ya yi shiru sannan yace, kai kana ganin in ka zauna a Kano karatu zaka yi? Duk ranar da ruwa ya zo za a kira ka, duk ranar da injin feshi ya lalace za a kira ka, ni ma da kaina zan kira ka don na san kana kusa, kai kuma ba zaka iya cewa a'a ba, na san halinka. Rabinka a aji rabinka a gona, ƙarshe ba ka yi noman ba ba ka yi karatun ba. Yace gonar nan kafin a haife ka ake noma ta. Ka tafi inda in na ɗaga waya zan ji nauyin ce maka taho.

Ban iya ce masa komai ba, hawaye ne kawai, na gode Allah da zauren da duhu.

Umma kuwa saboda kara irin ta ɗan fari ko sunana ba ta faɗa balle ta zaunar da ni ta ce ga ra'ayinta. Washegari dai ƙanwata ta kawo min ƙullin leda tace inji Umma, na buɗe naga kuɗi ne, daga baya na ji tunkiyarta ta sayar. Da su na je cibiyar JAMB a Kano na canja, na dangwala yatsa aka buga min sabuwar takarda da sunan ABU a sama. Kawu bai ji daɗi ba da farko, yace ana ba ka a hannu kana miƙa ƙafa, amma ranar da zan tafi jarrabawar tantancewa shi ya ba ni kuɗin mota. Shekarar ce kuma JAMB ta fito da tsarin CAPS, inda zaka shiga ka ga an ba ka gurbi ka danna ka karɓa ko ka ƙi. Na yi ta zarya kafe har mai wurin ya haddace lambata. Ranar da ya fito hannuna rawa yake a kan linzamin kwamfuta, mai kafen ne yace danna mana malam.

Kar wanda ya karanta wannan ya ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Shekarar farko ba ko ɗigon ruwa a karatun, Lissafi ne da Fiziks da Kemistiri cikin taron ɗaruruwan ɗalibai, aji biyu kuma zanen injiniya da aikin hannu da darussan da duk injiniyoyi suke haɗuwa a kai, sai a aji uku na fara jin ƙamshin abin da ya kawo ni. Wannan haka yake ko ina ka je, gara mutum ya sani tun wuri. Na sha garin kwaki da ƙuli-ƙuli har ba adadi, akwai watan da na rage cin abinci ya koma sau ɗaya da rabi don in sayi kayan zane. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da aka yi wa Baba aikin ido a Kano ina tsakiyar jarrabawa, aka ɓoye min sai da aka gama, ƙanina ne ya kwana da shi a asibiti. Da a Kano nake da ni ne a wurin. Har yau in na tuna sai na ji wani iri, kuma ban yarda in ce wa kaina ba komai ba ne, komai ne, farashin zaɓin da na yi kenan kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Ƙanina ne ya biya mafi yawa. Shi ya gaji tashin ƙarfe biyun dare, shi ya riƙe gonar, da ya gama sakandare sai da ya jinkirta nasa karatun shekara biyu kafin ya shiga kwalejin ilimi, kuma bai taɓa yi min gori ba ko da wasa. In na kira shi ina tambayar gona sai yace Yaya kai dai ka yi karatu. Yanzu da Allah ya sa na fara samun ɗan abin hannu, duk abin da ya shafi karatunsa a wuyana yake, kuma ko na yi ta yi ban biya shi ba.

Ga kuma abin da ba wanda ya sa a lissafi. Yajin aikin malaman jami'o'i na ƙarshen 2018, sai korona da dogon yajin 2020 da ya kai wata tara, sai na 2022 daga Fabrairu har Oktoba. Shekara biyar ta haura shida. Wannan bai bar Kano ba bai bar Zariya ba, tare muka zauna a gida da abokina wanda muka yi sakandare tare shi ya tafi BUK ya karanta Sibil ɗin da na bari. Shi yanzu yana tare da wani kamfanin gine-gine kuma ya riga ni samun aiki, maganar dattijon nan ta faɗin Sibil gaskiya ce, na gan ta da idona lokacin da nake yawo da takardu bayan bautar ƙasa. Da na samu ma a harkar rijiyoyin burtsatse da ban ruwa da sola na samu, ba wani babban ofis ba, amma aikin da nake so ne kuma ina kwana lafiya. Shi ma abokin nawa yana son nasa. In muka haɗu ba ma musun wace jami'a ta fi, mun wuce nan, sai dai ya tambaye ni yadda zai yi da ruwan da ke taruwa a ramin fandisho ni kuma in tambaye shi ƙarfen da ya dace da tankin sama.

Abin da na faɗa wa yaron da ya kira ni, bayan na ba shi labarin nan, tambayoyin dattijon nan ne na maimaita masa, na ƙara da guda ɗaya tawa, nace ka zauna ka rubuta sunan wanda zai ɗauki nauyin da zaka sauke in ka tafi nesa, ka je ka same shi ku yi magana baki da baki kafin ka danna komai. Ni ban yi hakan da ƙanina ba, ɗauka kawai ya yi, kuma ya kamata ace na tambaye shi.

Da na kai aji biyar aka ce kowa ya kawo abin da zai yi bincike a kai, ban yi wata-wata ba na rubuta asarar ruwa a ƙananan kanal na ƙasa, kuma na roƙi malamin da ke duba ni ya bar ni in yi a layinmu. Hanyar ba wuya a faɗe, ka auna yawan ruwan da ke wucewa a wuri na farko, ka auna a wuri na biyu can ƙasa, a lokacin da ba wanda yake ja a tsakani, bambancin shi ne abin da ƙasa ta sha da wanda ya zurare ta tsaga da ramukan ɓera da ɗan abin da rana ta ɗauka. Yawan ruwa kuwa faɗin bakin ruwan ne da zurfinsa a ninka da gudunsa. Na'urar auna gudu ba kullum take samuwa ba, sai malamin yace ka haɗa da hanyar abu mai yawo a kan ruwa, ka auna tazara ka jefa ka ƙirga sakan nawa ya ɗauka, sannan ka rage kaɗan, wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100 zaka ɗauka, don ruwan sama ya fi na ƙasa gudu. Ina jin haka na gane wasanmu na kara ne.

Sai da na bi maƙwabta gona gona na roƙe su su ɗaga bututunsu na awa biyu, wasu suka yarda nan take wasu sai da Baba ya sa baki. Ranar da muka fara awon da sassafe muka fita mu uku. Na ja igiyar awo mita 10 na kafa turaku biyu, ƙanina ya tsaya a na sama da guntayen kara a hannu, ni ina na ƙasa da littafi, Baba kuma da idonsa da ya washe ya ce shi zai riƙe waya ya danna agogo, muka nuna masa wurin dannawa. Ƙanina ya jefa na farko, na bi shi da ido har ya iso turkena na ce tsaya, Baba ya danna ya karanto min lambar da kansa ba tare da ya kai wayar kusa da fuska ba. Na sunkuya zan rubuta sai yace dakata, kar ka rubuta wannan, na ga ya taɓa ciyawa a hanya, a sake jefa wani.